Sunan Da Kaka Ba Ta Kira

Ni 'yar gida biyu ce. Babana Bayarabe ne, kayan keke yake sayarwa a kasuwar Funtua, innata kuwa 'yar manoman Maska ce. Ran suna aka raɗa mini Hafsatu, dangin Baba suka ƙara da Aduke. Abin bai taɓa damuna ba sai shekarar da maƙwabcinmu Alhaji Musa ya sayo talabijin, irin mai baƙi da farin nan.

Akwai wani wasan kwaikwayo da ake nunawa duk mako, unguwa kaf a tsakar gidan Alhaji take ƙarewa. Labarin wani direba ne, Ɗanliti, wanda ya tashi a gidan Hausawa, sai da ya yi gemu wani tsoho ya zo daga kudu ya ce shi ne ubansa. Bawan Allah ya rikice. Yau ya ɗaure kaya zai bi tsohon, gobe ya kwance. A kira shi da sabon sunan da tsohon ya ba shi ya ƙi amsawa, a kira shi da na da ya zabura kamar an kama shi da sata. Ana kashe talabijin musu ke tashi. Wasu su ce ya tattara ya bi ubansa, wasu su ce butulci ne ya bar matar da ta goya shi. Rannan matar Alhaji ta taɓe baki ta ce irin waɗannan ai ba su nan ba su can. Ina zaune dab da ƙafarta, ba ta ma lura da ni ba.

Maganar ta tsaya mini a rai, don Kaka, wadda ta haifi innata, ba ta taɓa kirana Hafsatu ba. Kowane jika tana kiransa da sunansa, ni kuwa sai dai 'Yar Yarabawa. Na yanke a raina cewa ba ta lissafa ni cikin nata, kuma wallahi na ji ciwon abin.

Da hutun bayan girbi aka kai mu Maska. Bayan magariba aka hura wutar karan dawa, muka kewaye Kaka muna gasa gyaɗa. Sale, ɗan kawuna, wanda ya taɓa ganin wasan a Funtua, ya tayar da zancen Ɗanliti. Kaka ba ta taɓa ganin talabijin ba, sai ta tambaya ɗan gidan wa ne a Funtuwar, kuma me ya hana manya su shiga maganar. Muka yi ta dariya. Ta ce to mu yi shiru, ita ma tana da nata Ɗanlitin.

Wai wata tsohuwa ce ta tsinci ƙwan zabuwa a gona, ta sa wa kazarta ta kwanta a kai. Da 'yar zabuwar ta girma, kaji suka ce zanen jikinta ba nasu ba ne. Ta tafi daji wajen zabi, suka ce tafiyarta ta kaji ce. Ta hau reshe ta zauna, ita ba gida ba, ita ba daji ba, har rana ta faɗi. Can sai ta hango tsohuwa da fitila tana bin kunya-kunya tana nemanta, ƙaya duk ta yage mata zane.

"Mai kaji ba ta tambayar ƙwan wa ne," in ji Kaka. "In ɗaya bai shigo akurki ba, ba ta iya cin tuwo."

Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba. Na ce to ita me ya sa ba ta kiran sunana kamar sauran?

Kaka ta saki baki tana kallona, sannan ta kama haɓa. "Yau ga 'yar birni! Sunan uwata ne fa a kanki. Ni na roƙi ubanki ya sa miki. Kin taɓa jin wanda ya kira sunan uwarsa gatsal?"

Ta ce a ƙa'ida Uwata ya kamata ta riƙa ce mini, amma ta ga idona a tsaye yake, in ta fara sai na koma aikenta ɗebo ruwa. Su Sale suka kwashe da dariya, ashe kowa ya sani sai ni. Na ji wani sanyi ya sauka a ƙirjina, na kwantar da kai a cinyarta ina dariya ina share hawaye.

Ban san yadda aka ƙare da Ɗanliti ba, ranar ƙarshen wasan wuta aka ɗauke. Amma na girma na sha tambayar ke 'yar ina ce, a makaranta, a wajen aiki, har a gidan aure, kuma ba ta sake tayar mini da hankali ba. Na gane cewa sau da yawa abin da yaro ke ɗauka ƙi ne, kunya ce ta manya. Kaka ta rasu ba ta taɓa furta sunana ba, kuma har yau ban ga wanda ya riƙe shi da daraja kamarta ba.