Mai Laima da Yumɓun Inna

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tsohuwar ganuwa, inda manyan motoci suke juye 'yan yawon buɗe ido, ya san Mai Laima. Shi ne dogon nan mai farar riga da yake ɗaga jar laima sama, ko da ruwa ko babu, baƙi na biye da shi kamar 'yan tsaki. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Idan kuka ji ana yabonsa a gari, ku zo ku tambaye ni, ni da na san abin da ya yi wa uwarmu.

Inna maginiyar tukwane ce. Ɗakin aikinta yana bayan gidanmu, a wani lungu da mota ba ta shiga. Tabarma ce a ciki, da tarin yumɓu a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, da katakai a jikin bango inda kaya suke shan iska, sai tanderun gashi a tsakar gida. Da ɗakin nan ta raine mu bayan rasuwar Baba. Ba ta da ƙawa, ba ta zuwa ko'ina, kuma idan ka ga hannunta ba ya cikin yumɓu, to ba ta da lafiya ne. Dokarta guda ce: karkataccen abu ba ya shiga wuta. Ko kasko ne ya ɗan kauce, sai ta murƙushe shi ta sake.

Yaya kuwa tun yana ƙarami yake ƙyamar aikin. A ce ya ɗebo ruwan kwaɓi, nan take ciwon kai ya tashi. Baki kawai Allah ya ba shi, ya kuma ba shi har da rabon maƙwabta. Ya sayar da huluna a bakin ganuwa, ya ba da hayar kekuna har kekunan suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, ya yi ɗaukar hoto da kyamarar aro. A nan ya tsinci harsunan baƙi, nan kaɗan can kaɗan, ya haɗa ya kira kansa jagora. Ba a daɗe ba sauran jagorori suka kore shi daga layinsu saboda ƙwacen baƙi, ya dawo gida yana cewa hassada ce.

Abu ɗaya ba zan hana shi ba, yana da ido. Ya lura baƙi sun gaji da hawa hasumiya da zagaya gidan tarihi suna hamma. So suke su yi gumi, su ɓata hannu, su koma gida su ce sun yi abin da ba kowa ya sani ba. Sai ya fara sayar musu da wannan ɗin. Ya ɗora su a kekuna ya ratsa da su lungunan da mu kanmu ba ma bi. Ya hau da su saman soro su saki 'yar takarda mai zare iska ta ɗauka, ya kai su wurin masunta su tuƙa kwalekwale, ya miƙa musu fenti su yi zane a bangon bayan tsohuwar tasha. Mai haɗa ganguna ma bai tsira ba, sai da aka cika masa shago da mutanen da suke dukan fata kamar ta yi musu laifi. Tun a lokacin na san saura lungu ɗaya ne bai sayar ba, kuma na san idan ya shigo sai ya raba Inna da yumɓunta.

Wata safiya ya shigo ɗakin aikin yana tattare ƙafar wando.

"Inna, arziki ya biyo mu har gida. Baƙi za su zauna a gabanki, ki nuna musu, kowa ya gina kofinsa da hannunsa."

"A wuni ɗaya? Kai, yumɓu ba ya son gaggawa."

"Wane wuni kuma? Kafin shayinsu ya huce an gama."

Na ce, "Yaya, ɗakin nan fa ba wurin wasa ba ne."

"Ke Auta, baƙin ciki ne zai kashe ki. Wa ya sa da ke?"

Inna ba ta taɓa iya ce wa ɗan farinta a'a ba. Aka kawo benci da dogon tebur, aka mayar da tabarmarta kusurwa, aka rataye allo a ƙofa da hotonsa a jiki, shi da bai san gindin tukunya daga bakinta ba.

Abin da baƙin suke ginawa kuwa sai wanda ya gani. Wani kofin bakinsa ya kalli gabas, gindinsa ya nufi yamma, wani kuma ko ruwa ba zai riƙe ba. Ranar farko da suka watse, Yaya ya tsaya a gaban teburin ya yamutsa fuska.

"Wa zai nuna wa 'yan'uwansa wannan? Inna, tun da sauran danshi, ki ɗan taɓa musu. Idan sun dawo karɓa bayan gashi, kowa ya ga abin arziki. Kada dai ki goge alamar da suka yi a gindi."

Inna ta ji daɗi, don dama zuciyarta ba ta yarda ta sa waɗannan abubuwa a wuta ba. Haka aikin ya zauna. Baƙi su tafi, ita ta jiƙa yatsu ta bi kofunan ɗaya bayan ɗaya, ta miƙe baki, ta daidaita mariƙi, ta shafe tsaga. Su dawo su riƙe kofi suna mamakin kansu, Yaya na tafa musu yana cewa baiwa ce a jininsu. Ni haushi ya hana ni dariya. Aikin hannun uwata ne yake fita duniya da alamar wasu, amma ita ko a jikinta, tunda dai hannunta yana cikin yumɓu.

Sai ranar da wata mata ta zo da mahaifinta. Tsoho ne sosai, hannuwansa suna rawa ko yana zaune shiru. Sauran baƙi suka gama suka fita hawan keke, shi yana nan yana fama, 'yarsa ta tallafe masa gwiwar hannu. Abin da ya gina ba kofi ba ne, wani ɗan mulmule ne mai rami, duk jikinsa shatin yatsu. Amma da ya ajiye, sai ya yi dariya, 'yar ma ta yi, ta sumbaci goshinsa.

Tausayinsa ya kama Inna. Da suka tafi ta ce mini, "Bawan Allah nan ya sha wuya. Ba zan bari ya ji kunya ba." Ba ta taɓa bai wa wani kofi lokaci kamar wannan ba. Ta sirance shi, ta shafe shatin nan tas, ta yi masa mariƙi mai kyau, har da ɗan zane a wuya. Kofi ne da ni kaina na so a bar mini.

Bayan gashi matar ta dawo ita kaɗai, an kwantar da tsohon a asibiti. Yaya ya miƙa mata kofin yana washe baki. Ta juya shi, ta duba alamar gindi, ta shafa jikinsa da babban yatsa kamar tana neman wani abu. Sannan ta ɗago, idonta ya cika da ƙwalla, ta yi tambaya a hankali. Ina jin harshensu kaɗan-kaɗan, saboda haka na gane. Cewa take, ina yatsun babanta?

A nan Yaya ya nuna ko shi wane ne. Ya dafe ƙirji, ya nuna Inna da laimarsa, ya ce ai tsohuwar ce mai shisshigi, ya sha hana ta taɓa kayan baƙi ba ta ji. Ya shafa mata kashin kaji a gaban idonta, ita kuwa tana murmushi, ta ɗauka yabon aikinta ake yi. Matar ta ajiye kofin a kan tebur ta fita. Kafin yamma ta rubuta a intanet abin da ake yi a ɗakin, masu otal suka fara kiran Yaya a waya.

Na ce masa, "Kai ka ce ta taɓa, ina tsaye a wurin. Wallahi kai maci amana ne."

"Ni na ce ta ɗan taɓa, ban ce ta sake ginawa ba. Ki iya bakinki."

Da na fassara wa Inna abin da ya faru, ta ɗauki kofin ta juya shi a hannunta. Can ta ce, "Ashe yatsun take so. To ni ina zan sani?"

Yaya bai yi asarar ko wuni ɗaya ba. Ya gano baƙi karkatacce suke so, sai ya sake allon ƙofa, ya rubuta cewa a nan babu mai taɓa aikin kowa. Ya ce wa Inna ta riƙa gina masa kofuna karkatattu na sayarwa. Ta gwada, ina kallo. Ta karkatar da baki da gangan, tana kawar da kai yatsunta su miƙe shi da kansu. Ta sake gwadawa har gumi ya jiƙa mata riga, abin ya ƙi.

"Bari kawai, Inna. Kin gaji, ki huta. Ni zan iya wannan."

Ya kuwa iya, don ɓata yumɓu ba ya bukatar koyo. Ya naɗe tabarmarta, ya saya mata sabon zane da kujera mai hannu, ya ajiye ta a bakin ƙofa inda haske yake da kyau. Yanzu aikinta ke nan, baƙi su durƙusa kusa da ita a ɗauki hoto, su shige ciki. Na roƙe ta mu ɗebi yumɓu mu koma ɗakina, ta ce ba ta son ransa ya ɓaci. Ni da Yaya ko gaisuwa ba ma yi, kuma ba na jin zan yafe masa.

Ran nan da la'asar na kawo mata shayi, na tarar tana juya hannuwanta a kan cinya tana dubawa.

"Auta, kina da abin yanke farce?"

Na tsaya ina kallonta. Tunda nake ban taɓa ganin farce a hannun Inna ba, yumɓu ne yake cinye su tun kafin su fito. Na ɗauko reza na zauna a ƙasa a gabanta, ta miƙo mini hannun dama.

"Ki yi a hankali," ta ce, "ban san yadda ake yi ba."