Jirgin da Mutum Ɗaya Ke Ja

Ko tsufa ya ruɗar da ni, akwai ranar da ba za ta fita daga raina ba: ranar da ƙasan jirgina ya tsage a tsakiyar kogi, da mutum tara a ciki.

Fito muka gada, ni da ƙanena, a wani mashigi da ke ƙasar Gwaram. Da damina in kogi ya kawo, mu ke tsallakar da 'yan kasuwa da masu kai marasa lafiya Birnin Kudu. Kwalekwalen katakon mahaifinmu nauyi ne da shi, kullum da yamma sai mu biyu mun kama mun ja shi tudu don kada ruwa ya tafi da shi. To, wata shekara muka yi rigima a kan iyakar gona, wurin da bai fi taku uku ba. Muka daina magana. Amma yamma na yi dole mu kama jirgi tare, kowa ya kau da kai. Wannan ya fi rigimar ci mini rai.

Da katakon ya ruɓe, na tafi Birnin Kudu wajen wani dattijo mai waldar alminiyom don ya ƙera mini sabon jirgi. Ya jawo falle biyu ya ajiye a gabana.

"Malam, ga mai kaurin milimita biyu, ga mai huɗu. Gefe ko da siririn a yi, amma ƙasa sai mai kauri. Kogin naku yashi ne da kututture."

Na ce, "Mai kaurin, mutum ɗaya zai iya jansa?"

"Ina! Sai biyu."

"To, yi mini da siririn duka, Baba."

Ya ɗaga gilashin waldarsa ya dube ni. "Mutane za ka ɗauka fa, ba kabewa ba."

Na ce masa shi wuta ya sani, ruwa kuwa a bar mini. Har yau in na tuna wannan magana sai na ji kamar in nutse don kunya. Ba sauƙin tuƙi nake nema ba. So nake in nuna wa ƙanena ba na bukatarsa.

Damina biyu ina jan jirgin nan a kan yashi ni kaɗai, ina taƙama. Ƙasansa ya riƙa ƙyalli kamar sabuwar tukunya, ni kuwa a wautata kyau na ɗauka, ashe yashi ke cinye shi. Ina jin yana lotsawa a ƙarƙashin ƙafata, na yi biris. Wata yamma ƙanena ya tsaya a bayana, ya karya shirun da kansa.

"Yaya, ƙasan nan ya ci. Bari mu riƙa ɗaga shi tare."

Na ce, "Je ka tsare iyakarka."

Maganar ƙarshe da na yi masa a duniya ke nan.

Ranar kasuwa ce, da hantsi. An kwana ana ruwa, kogi ya yi jawur yana tafe da itatuwa. Na loda mutum tara da buhunan masara. Mun kai tsakiya sai muka hau wani kututture da ruwa ya rufe. Ba wata ƙara mai ƙarfi aka ji ba, kamar dai an keta yadi. Kafin in ce a zubar da buhunan, ruwa ya kai gwiwa. Sai salati da ihu.

Ƙanena yana noma a gonarsa ta bakin gaɓa. Ya yar da fartanya ya faɗo ruwa. Ya fitar da wata mata da goyonta, ya komo ya jawo wani tsoho. Ni ma na fitar da waɗanda na iya, masu iyo suka fid da kansu. A komawarsa ta uku ya turo mini wani Bafulatani na kama, na juya in miƙa masa hannu, ban gan shi ba.

Sai bayan kwana biyu aka same shi can ƙasa, ya maƙale a saiwar wata bishiya. Duk wanda ya hau jirgin nan ya tsira. Wanda bai hau ba, wanda aka ƙera jirgin don a guje masa, shi muka yi wa sutura.

Bayan sadakar arba'in na koma wajen mai walda. Labari ya riga ni zuwa. Bai ce mini ai na faɗa maka ba, ya dai yi mini gaisuwa, ya jawo falle mai kaurin.

Jirgin da ya ƙera mini da shi nake tuƙawa har yanzu, kuma ba ya jawuwa ga mutum ɗaya. Kullum da yamma sai na tsaya a bakin gaɓa na roƙi wani mai wucewa ya kama mini ɗaya gefen, gefen ƙanena. Abin da na koya, a makare, shi ne duk nauyin da aka yi don mutum biyu, kada girman kai ya sa ka rage shi. Nemo ɗan'uwanka ku kama, tun yana nan.