Lemon da Ya Ƙi Hawa Mota

A duk barikin da suka sauka, mako ba ya zagayowa sai an laƙaba mata sunan da aka laƙaba mata a na baya, ba tare da wani ya kai labari ba: Uwar Lemo. To wa zai ga laifin mutane? Babbar motar soja ta tsaya a bakin layi, mata sun leƙo su ga irin kayan da baƙi suka zo da su, sai ga ƙarti huɗu suna nishi suna sauke rabin duro cike da ƙasa, da bishiyar lemon tsami tsaye a ciki. A ƙasa kuma ga wata gajeriyar mata ta ci ɗamara da gyale, tana ba su oda kamar ita ta ɗauke su aikin soja.

"A hankali! Kai mai dogon wuya, reshe fa kake karyawa!"

Mijinta, Saje, makanikin motocin runduna ne. A irin wannan lokaci yakan koma gefe ya kama duba tayar da babu abin da ya same ta, don kada a haɗa ido da shi.

Bishiyar ta girmi duk 'ya'yansu. Tun tana amarya, shi kuma ko igiya ɗaya bai samu a hannun riga ba, ta je ganin gida, mahaifiyarta ta kakkaɓo mata lemo daga bishiyar tsakar gidansu ta cusa mata a jaka. Da ta dawo ta matse ɗaya, sai ta tura ƙwallon a cikin gwangwanin madara da 'yar ƙasa, don wasa kawai. Ya kuwa tsiro. Daga gwangwani ya koma tsohon bokiti, daga bokiti ya koma garwa, daga garwa Saje da kansa ya yanka mata duron mai gida biyu, abin da ya ce shi ne babban kuskuren rayuwarsa. A tsakanin nan tsohuwa ta rasu, 'yan'uwa suka sayar da gidan, wanda ya saya ya sare bishiyar ya fitar da shago a wurin. Duk abin da ya rage wa Uwar Lemo na gidan ubanta shi ne wannan da ke cikin duro.

Me ya hana ta dasa shi a ƙasa? Ai wanda ya yi wannan tambayar bai taɓa auren soja ba. Gidan bariki aro ne. Yadda aka ba ka shi haka za ka mayar, kuma ranar da za a ce ka tashi ba a shawara da kai. Uwar Lemo ta ƙware a wannan zama har ta zama malama. Teburin ɗakinta akwatunan ƙarfe ne biyu da aka rufe da zane. Labulenta a igiya yake. Kwalaye na nan a ninke ƙarƙashin gado, wasu har an gaji da liƙe su. Duk amaryar da aka kawo layi, kafin ta gama sanin hanyar famfo Uwar Lemo ta zaunar da ita.

"'Yar nan, kada ki yar da kwali. Kada ki sayi abin da mutum biyu ba za su iya ɗauka ba."

"To Mama, duron fa?" wata mai ƙarfin hali ta taɓa tambaya.

"Wannan daban ne. Shi sai a gidanmu zai sauka."

Gidan nasu kuwa a bakin Saje kawai yake. Idan ya yi ritaya zai gina, da baranda, da rijiya, da wurin lemo a tsakiya. Ya sha zana mata shi da tsinke a ƙasa, kuma kowane zane ya fi na baya yawan ɗakuna.

Abin kunyar dai guda ne, bishiyar ba ta taɓa yin ko ɗa ɗaya ba. Ganye tsilli-tsilli, ƙaya kuwa kamar an aiko ta. Mata a bakin famfo sukan ce, "Uwar Lemo, yaushe 'yarki za ta sauka ne mu zo barka?" Ita kuma ta ce su ji da tasu haihuwar. In ta je kasuwa tana sayen lemon tsami kamar kowa, amma a can ƙasan jaka take tura shi, ta danne da albasa.

Da aka kawo su wani ɗan gari, ranta bai so ba. Titi ɗaya ne mai kwalta, shi ma ya gaji. Barikin yana bayan gari, layuka uku na gidaje masu ɗaki biyu-biyu, bango siriri har in maƙwabci ya yi atishawa kai za ka ce masa sannu. Famfo ɗaya ne ga kowane layi, ruwa sai ya ga dama, in ya zo kuwa sai ka ga bokitai sun yi jerin da ya fi na fareti tsari. Busar begila ke tashin kowa da safe, har jarirai. A kowace baranda ga takalman soja an jera, ga kaki a kan igiya yana ɗiga.

Ga kuma Samanja, mai kula da tsabta da dokar bariki, mutum mai sanda a hammata da gashin baki kamar burushin takalmi. Ranar farko ya tsaya a kan duron.

"Wa ya yi shuka a gaban gidan gwamnati?"

"Ranka ya daɗe, ina ka ga shuka?" in ji Uwar Lemo. "Kaya ne. Da shi muka zo, da shi za mu tafi."

Samanja ya zagaya duron, ya ƙwanƙwasa shi da sanda. Daga ƙarshe ya ce in kaya ne a kai shi bayan gida, kada ya ɓata masa layi. Aka ja shi zuwa baya, aka ajiye a gefen dakalin wanki, inda ruwan wanke-wanken gida biyu ke bi ya wuce. Ta yi ta mita cewa an mayar mata da bishiya bakin kwata.

Gida na biyun na wani Kofur ne da amaryarsa, yarinya mai yawan dariya da ba ta iya hura gawayi ba. Uwar Lemo ta karɓe ta kamar 'yar cikinta. Ita ta koya mata gugar kakin miji yadda karin wando zai tsaya, ita ta kwana da ita a asibitin bariki lokacin haihuwar fari, Kofur yana can wani aiki da ba a faɗi inda yake ba. In an kwashe maza na watanni, matan layin a bayan gidan nan suke taruwa da yamma, kowa da tsintar shinkafarta, ana hira ana kasa kunne ko za a ji ƙarar mota.

Sai zama ya miƙe. Shekara ta wuce, wata ta bi ta, wata ma ta bi, kamar manya sun manta akwai wani Saje a wannan lungu. A nan ne abin mamaki ya fara. Bishiyar da aka sani kamar mai jinya ta soma baƙi-ƙirin da ganye. Ta yi tsawo har ta wuce rufin kicin. Wata safiya amaryar Kofur ta fito zubar da ruwa ta ƙwalla kira.

"Mama! Mama, fito ki ga 'yarki ta yi fure!"

Kai, ranar layin bai zauna ba. Uwar Lemo ta tsaya gaban fararen furannin nan tana shaƙar ƙamshin da rabonta da shi tun tsakar gidan mahaifiyarta, hawaye na zuba, tana cewa hayaƙin gawayi ne. Da aka tambaye ta sirrin, ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce ganyen shayi ne da ɓawon ƙwai, sai kuma iya hannu. Kafin wata ya ƙare babu matar da ke zubar da ganyen shayi a barikin nan, kowa na tura shi gindin barkononta na cikin roba. Saje ya ce shi ƙwan ma ya daina gani, ɓawon kawai yake gani.

Furanni suka zube, 'ya'ya suka fito, kore shar, kamar kan babban yatsa. Tana lissafin waɗanda za ta aika wa na fari, musamman matan da suka yi mata gori a barikokin baya, sai ga Saje ya dawo da rana tsaka, ya cire hula ya zauna a kan akwati. Ta san an sake tashin su ke nan. Ta durƙusa ta fara jawo kwalaye daga ƙarƙashin gado.

A wajen haɗa kaya babu mai kama ƙafarta. Ranar tafiya hantsi bai yi ba an loda komai, an bar kusurwar bayan direba fili kamar kullum, don nan ne mazaunin duro. Saje ya kira ƙarti huɗu. Suka naɗe hannun riga suka kama baki.

"Ɗaya, biyu, ɗaga!"

Duro ko gezau.

"Ba ku karya ba ne?" in ji Uwar Lemo. "Yaran yanzu sai faɗin kafaɗa."

Aka ƙaro biyu. Aka sake ɗagawa, bishiyar ta girgiza, 'ya'ya biyu suka faɗo, duron ya ɗan karkata ya koma ya zauna. Saje, da yake ya saba leƙa ƙarƙashin abin da ya ƙi tashi, ya ce su karkata shi su riƙe. Ya kwanta rub da ciki ya leƙa. Ya daɗe a haka. Da ya miƙe bai ko kakkaɓe rigarsa ba.

"Zo ki gani," ya ce.

Ta durƙusa. Ruwan wanki ya cinye gindin duron, tsatsa ta huda shi, kuma ta wannan huda wata saiwa mai kaurin hannun yaro ta sauka ta shige ƙasa, da ƙanana kewaye da ita. Ashe tun tuni bishiyar ta dasa kanta, Uwar Lemo kuwa tana sama tana zuba mata ganyen shayi.

Wani daga cikin sojojin ya yi dariya, ya ga babu mai taya shi, ya haɗiye. Wani ya ruga ya kawo adda ya miƙa wa Saje. Shekara da shekaru Saje yana rantsuwa wata rana sai ya jefa duron nan a kogi, ga shi yau an ba shi adda a hannu, sai ya riƙe ta kamar bai san amfaninta ba.

"Sara ɗaya ne, mu ɗora shi," ya ce a hankali. "Amma ke kin fi ni sanin abin da zai biyo baya. Ke za ki faɗa."

Ta sani. In aka sare wannan saiwar, 'ya'yan za su zube a hanya, ganyen ya bi su, kuma da wuya bishiyar ta kai wata damina. In aka bar ta, ta bar ta ke nan, don soja ba ya komawa inda ya baro. Ta ji haushin bishiyar, ta ji haushin Saje da gidansa na tsinke, ta ji kewar mahaifiyarta kamar jiya aka yi rasuwar. Direba ya danna ham.

"Mayar musu da addarsu," ta ce.

Daidai nan Samanja ya iso karɓar gida. Ya dubi saiwar, ya dubi Uwar Lemo, gashin bakinsa ya motsa. Shuka ce ƙiri-ƙiri a gidan gwamnati.

"Ku sauke shi ya zauna daidai," ya ce wa sojojin. Ya ƙwanƙwasa duron da sanda. "Ni kaya nake gani. Wani ya manta kayansa. Duk wanda ya taɓa, da ni zai yi."

Uwar Lemo ta kama hannun amaryar Kofur ta shiga yi mata bayani da sauri. Kada a bar yara su tsinka sai sun yi ruwan ɗorawa. Kada a zuba ruwan bilic na wanki ta nan. Awakin gari in sun shigo a kore su.

"Mama, ganyen shayin fa?"

"Ke dai zuba. Bai yi mata illa ba."

"To mu ma in an tashe mu fa, Mama?" Yarinyar tana kuka sosai.

"Sai ki faɗa wa wadda ta zo. Ki ce mata daga gidan mutunci ta fito."

Ta sunkuya ta tsince 'ya'yan nan biyu da suka faɗo, ɗanyu ne, ko ƙwallon kirki ba su yi ba, ta ƙulle a bakin gyale. Yara suka so tura katifa a kusurwar bayan direba, ta ce su bar wurin haka. Mota ta tashi, ba ta waiwaya ba sai da suka hau kwalta, lokacin kuwa rufin kwano kawai ake hangowa.

Sai la'asar suka isa sabon bariki. Mata suka leƙo daga ƙofofi kamar yadda ake yi a ko'ina. Saje ya diro daga gaban mota, ya miƙe baya, ya hango wasu samarin sojoji a inuwa, bakinsa ya riga shi.

"Kai! Mutum huɗu, ku zo ku sauke duro!"

Suka taso da gudu suna naɗe hannun riga, suka leƙa cikin motar, suka dubi juna.

"Wane duro, ranka ya daɗe?"

Sai a lokacin Saje ya tuna. Ya juya ya kama duba taya. Uwar Lemo ta sauko a hankali, ta ci ɗamara da gyalen, ƙullin nan yana tokare da cikinta.

"Ku fara da akwatunan ƙarfe," ta ce. "Mutum biyu sun isa."