Ƴaƴan Inna Huɗu Ne a Takarda

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya jawo mini wannan aiki. Yana da shagon atamfa a unguwar Château Rouge ta birnin Paris, kuma abin da ke cin ransa shi ne ƴaƴansa da aka haifa a Stains, can gefen Paris, ba su san ko sunan kakansu ba. Wata shekara da ya dawo daga gida ya kira ni, ya ce in zo Paris in karɓi saƙo. Na hau jirgin ƙasa daga Lyon ina ta lissafin kilishi. Ashe fotokofi ne tuli guda, na tsofaffin takardun ƙidayar ƙauyenmu, da ya samo wurin magatakardan sarki.

"Ke ce mai karatu," in ji shi. "Ki zuba muna su cikin mashin, kowa da uwatai da ubanai. Voilà."

Na koma gidana a Bron, gefen Lyon, na buɗe tablo, wato jadawali, a kwamfuta. Kowane mutum da layinsa: gida, mai gida, suna, uwa, shekarar haihuwa, yawan ƴaƴa. Ni mutum ce mai tsantseni har ya yi yawa, gurbi ɗaya in ya zauna fanko sai in ji kamar tsakuwa a takalmi. Duk ranar Asabar ina kan tebur, ɗiyata na wasa a ƙasa, ina kwafe rubutun wani malamin ƙidaya da bai damu da mai karantawa ba.

A Asabar ta huɗu na iso gidan babanmu. Ga shi, ga Inna, ga gurbin yawan ƴaƴanta: huɗu. Ga sunayen ƙannena a jere. Mu biyar ne, ni ce babba. Na lalubi kaina har na same ni shafi uku gaba, a gidan Kaka, inda na tashi tun da aka yaye ni. Gurbin uwa kuwa babu komai a ciki.

Na san al'adar sarai. Ƴar fari ta kaka ce. Uwa ba ta kiran sunanta, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, in an tambaye ta ƴaƴanta tsallake ta take yi. Na sha bayyana wa Turawan wurin aikina haka ina dariya. Amma ranar dariya ba ta zo ba, tsoro ne ya kama ni. Na tuna na fi ƙannena duhu da tsawo. Na tuna wata tsohuwa a wani suna a Stains da ta ƙare mini kallo ta ce, "Au, wagga ce ta gidan tsohuwa?" ba ta ƙara ba. Shekara talatin da wani abu ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, kuma ban taɓa tambayar kowa ko ita ta haife ni ba.

Na kira Kawu. Ya yi dariya, ya ce shi lokacin yana kiwo a daji, in tambayi uwata. Wai uwata. Ai ita ce tambayar.

Sati uku ban ƙara komai a tablon ba. In na buɗe, idona na sauka kan gurbin nan sai in rufe. A tiram, jirgin cikin gari, ina zaune ina haɗa fuskokin matan danginmu da tawa, wace ce ta mutu da wuri, wace ce aka daina ambata. Ɗiyata kuwa na ta shan kira, sau ɗari a yini, har ta ce na dame ta.

Wata Lahadi da hantsi na sayi katin waya na kira gida. Muka gaisa, gajiya, sanyi, mutanen gida, ina jin minti na tafiya. Sai na rufe ido.

"Inna, aikin Kawu nika yi. Ɗiyanki nawa?"

"Huɗu," ta ce, ko tunani ba ta yi ba.

 Ina jin akuya na kuka a bayanta.

"Mi ya same ki?" ta ce.

"Takarda ma haka ta ce. Ni kuma ba a rubuta mini uwa ba."

Ta ja tsaki, irin wanda take wa wawan yaro. Muryarta ta yi ƙasa, kamar akwai mutane kusa.

"Kwana biyu na yi ina naƙuda, har an fara yi mini salati. Shi mai takarda yana wurin?"

Kafin in samu bakin magana ta ce hatsinta na kan wuta, ta miƙa wa ƙanwata wayar.

Na koma kan tebur ina kuka na cike gurbin da sunanta. Huɗun nan kuwa ban gyara ba, na bar mata abinta yadda ta faɗa.