Gangaren da Ban Auna Ba

Daga Kaura har Shinkafi, a zamanina, babu wanda ya kai ni sanin gaɓar gulbi. In na shafa laka da yatsa ɗaya, sai in faɗa maka ko za ta kai mutum ruwa lafiya ko za ta saɓule masa fatar baya. Haka nake gaya wa 'ya'yana, suna kuma yarda, tunda ni ke ciyar da su.

Wasan namu zamiya ne. A sami gaɓa mai tsawo mai jan yumɓu, a yi ta kwarara mata ruwa da ƙwarya har ta yi santsi, mutum ya zauna kan tsohon buhu ya sulale ya faɗa gulbi tsundum. Muna yara muka fara, muka yi gemu ba mu bari ba. Gardamar ma ta fi wasan yawa. Mu mutanen Kaura muna cewa gangarenmu ya fi tsawo, kafin ka kai ƙasa sai ka tuna duk zunubanka. Mutanen Zurmi su ce na Birnin Tsaba ya fi laushi, yumɓunsa kamar man shanu. Na Shinkafi kuwa yashi ne, ba mu ma sa shi a lissafi sai in muna son tsokanar masu shi.

Babbar gardamar ita ce lokaci. Ni ɗan farkon damina ne: laka sabuwa, ba a tattake ta ba, kuma wanda ya fara buɗe gangare shi ke da bakin magana har kaka. Taubashina, ɗan kawuna, wanda ke kabu-kabu tsakanin Kaura da Kasuwar Daji, ɗan ƙarshen damina ne. Yakan ce a lokacin ruwa ya yi zurfi, ya kwanta, ya riga ya wuce da duk tarkacen da zai wuce da shi. Ni kuwa in ce masa wannan hujjar matsorata ce.

Muna da doka ɗaya: ba a sauka sai an auna. Mutum ɗaya zai shiga ruwan da doguwar gora, ya bi inda za a faɗa yana caccaka ƙasa. Saboda yawan bakina, aikin ya zama nawa.

Shekarar da aka fara Shari'a, dattawan unguwa suka ce tsohon gangarenmu ya yi kusa da inda mata ke wanki, bai kamata ƙattai su riƙa tuɓe riga a wurin ba. Gaskiya suka faɗa, ba mu ja ba. Muka matsa can gaba, wata kwana da babu wanda ya san cikinta. A shekarar ce kuma taubashina ya daina ɗaukar mata a babur, aiki ya ragu, ga matarsa da tsohon ciki. Gidan nan kaf a kan ƙafafunsa biyu da babur ɗin yake tsaye.

Da aka yi babban ruwa na farko, na je na tsare shi a tasha bayan la'asar. Ya ce a bari sai gero ya fitar da kai. Na yi ta zuba masa surutu a gaban abokan aikinsa, har na ce kazar gidanmu ta fi shi zuciya. Ya yi dariya, ya tada babur, ya ce in hau.

Gulbin ya yi jawur, ga sanyi kamar an jiƙa shi da ƙanƙara. Ni kuma sabon wando ne a jikina. Na tsaya a baki, na miƙa gora na tsoma sau biyu inda hannuna ya kai, na hau sama na sanar cewa zurfin zai haɗiye raƙumi da kayansa. Taubashina yana zaune kan buhu, ya ɗago ya dube ni.

"Bawana, ka shiga ka auna kuwa?"

"Na auna," na ce. Na ɗauki ƙwarya na kwarara masa ruwa.

Kututturen itace ne ambaliya ta kawo ta binne a daidai wurin, ruwa ya rufe shi da kamu ɗaya. Har yau ina jin ƙarar. Ba irin tsundum ɗin da muka saba ba ce.

A amalanke muka kai shi wurin mai ɗori. Ƙugu ne ya karye. Ya yi wata huɗu a kwance, aka yi sunan 'yarsa yana kan tabarma. Da ya tashi, ƙafa ɗaya ta gajarce, ba ta iya taka giya. Aka sayar da babur. Tun daga nan yake faci a bakin hanya, ƙarƙashin wata dalbejiya, yana gyara tayoyin waɗanda ya koya wa tuƙi. Bai taɓa gaya wa kowa abin da ya tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba sai yau. Yanzu ko da an so, babu mai zuwa kwanar nan. 'Yan bindigar daji sun fi ƙarfinmu, gangaren kuma ciyawa ta cinye.

Bakina ne dai bai mutu ba. Kwanan baya a wajen wani ɗaurin aure, samari suka kewaye ni, na shiga ba su labarin yadda nake sulalewa daga gaɓar da ta fi hasumiyar masallaci tsawo, har tsuntsaye na kauce mini. Taubashina yana gefe, ya miƙe gajeriyar ƙafarsa, yana ɓare goro. Ya bari sai da na kai ƙarshe, samari suna tafi, sannan ya ce a hankali, ba tare da ya ɗago ba:

"Bawana, shekara ashirin muna zamiya tare, ni dai ban taɓa ganin laka a wandonka ba. Kullum kai ne mai riƙon ƙwarya."