Kawu Haruna da Maraƙina Mai Ƙafa Huɗu

Duk wanda ya zauna a Zaitawa ya san idan Kawu Haruna ya ɗaga ɗan yatsa ya ce "A Attaura...", to sai ka nemi wurin zama, don ba yanzu za ka tafi ba. Yana saurayi ya yi wa wani Bayahude ɗan Tarabulus aikin zaɓen fata, a wurinsa ya ji cewa dokokin da aka ba Bani Isra'ila ɗari shida da sha uku ne. Kawu ya riƙe tara. Idan aka tambaye shi sauran sai ya ce, "Maigida ya koma da su Tarabulus." Amma taran nan sun ishe mu!

Sallah ba ta wuce shi, sahun gaba yake tsayawa. Sai dai ranar Asabar ba ya taɓa fata. Matarsa, Inna Yalwa, ta ce, "Malam, Juma'a ka huta, Asabar ka huta da sunan Annabi Musa. Saura ka nemo mana Lahadi."

Ya ce, "Ina kan bincike."

Kun tuna mai jakin Ƙofar Na'isa? Mutum ya ɗauko gero, ya sa wa jakinsa takunkumi, Kawu ya tare hanya. Wai a Attaura an hana ɗaure wa sa baki yana sussuka.

"Baba, ai wannan jaki ne."

"Da sa da jaki duk ma'aikata ne. Kwance!"

Aka kwance. Jaki bai ko kalli geron ba, ya miƙa wuya ya cinye rabin malafar Kawu. Kawu ya duba abin da ya rage, ya mayar kansa, ya ce, "Haƙƙinsa ya ci."

Ni kuwa tawa ta same ni ne a shekarar da sojoji suka koma bariki, na fito takarar kansila. Na je neman albarka da goro cike da aljihu. Ya ce a dokar Bani Isra'ila, sarki da kansa yake kwafe littafin doka, ya riƙa karantawa kullum don kada kansa ya kumbura, kuma an hana shi tara dawakai. Ya miƙo mini takarda da biro.

"Habibu, rubuta abin da ka yi wa mutane alkawari."

"Kawu, ai mun buga a fosta."

"Fosta akuya ke cinyewa. Da hannunka."

Na fara jero asibiti da makaranta da titi. Ya ƙwace takardar ya yage. Ya ce abu ɗaya yake so: kwalbatin lungunmu, inda duk damina ruwan kwata ke tare tsofaffi su kasa zuwa masallaci. Na rubuta kofi biyu, ya riƙe ɗaya. Ya ce, "Mutanen Annabi Musa ma a gindin dutse cewa suka yi za su yi, za su bi. Kwana arba'in suka ƙera maraƙin gwal suna bauta masa."

Na ci zaɓe. Kwana talatin da biyu na shigo unguwa da mota ruwan gwal, ina hon, yara na bi. Kawu ya zagaya ta sau biyu, ya shafa bonet.

"Ka riga su da kwana takwas. Allah Ya raya maraƙi."

Shi ke nan suna ya bi ta. Bakanike ma cewa yake, "Honarabul, maraƙin na cin mai." Kawu ya rantse ba zai shige ta ba sai an yi kwalbati. Duk safiya sai ya aiko a tambaye ni ko na yi karatu. Ni kuwa takardar tana cikin motar, ƙarƙashin kujera, ina cewa kasafi bai fito ba, kwamiti bai zauna ba, shugaba ya tafi Umara.

Da ciwo ya kwantar da shi na kawo mota bakin lungu don a kai shi asibiti. Yana numfashi da ƙyar ya ce, "An yi?" Na ce saura kaɗan. Ya ce, "To a kira acaba." Haka aka ɗora shi, mutum ɗaya na riƙe da shi ta baya, ni ina biye a mota ni kaɗai, kunya kamar na nutse.

Cikin damina ya rasu. Mun ɗauko makara, ba wata hanya sai lungun nan, ruwan kwata har gwiwa. Ni ne a gaba da shaddata, ina kuka. Da yamma Inna Yalwa ta miƙo mini kofinsa na takardar, ta ce ya bar wasiyya a ba ni, wai ƙila nawa ya ɓata.

Na sayar da maraƙin. Shi ne kwalbatin da kuke takawa in za ku masallaci, wanda ya kamata a ce shi ya fara takawa.

Allah Ya jiƙan Kawu Haruna, Ya haskaka kabarinsa, Ya cika masa alkawarin da ba a saɓawa. Ni kuma Allah Ya yafe mini jinkirina. Amin.