Bar Ta Ta Yi Ƙugi

Rumfar waldata jingine take da garejinsa shekara ashirin da biyu, kwano ɗaya ya raba mu, don haka ko tari ya yi ina ji. Direbobi suna ce masa Malam Ƙugi. Ka kawo masa a-kori-kura da aka ɗaga, aka sa mata manyan tayoyi, ka ce tana gurnani idan ta ɗauki gudu, sai ya shiga ƙarƙashi da ma'auninsa, ya fito yana kakkaɓe baya ya ce, "Bar ta ta yi ƙugi." Wasu su zage shi su yi gaba. Ni ma na sha ce masa, "Kai dai da likita ne, da mai ciwon kai ka ce masa bar shi ya sara." Ko murmushi ba ya yi.

Shi ya koya mini dalili, da alli, a jikin ƙofa. Idan aka ɗaga mota, farfelar da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba takan karkace, sai ta kama ƙugi. Maganin wani ɗan ƙarfe ne, weji, gefe ɗaya kauri ɗaya siriri, ana cusa shi tsakanin sifirin da aksil, wato sandar ƙarfen da ke riƙe da tayoyi. Ka juya kaurin ta nan, hancin finiyan, haƙorin da farfela ke juyawa a jikin aksil, ya ɗaga ya kalli farfela, ƙugi ya mutu. Amma aksil ɗin guda ne. Abin da ka ba finiyan, daga kasta ka sato shi, kasta kuwa ita ce ke dawo da sitiyari tsakiya bayan an sha kwana.

Sauran labarin ba da alli na koya ba, a gabana aka yi. Malam Ƙugi yana da ƙane direba, Dogo, mai surutu kamar rediyo. Dogo yana da wata ɗabi'a: in ya gama shan kwana sai ya saki sitiyari, ya bar shi ya zame cikin tafinsa ya koma da kansa. Ya ɗaga motarsa, ta fara ƙugi, ya addabi yayansa kwana uku. Yayan ya gaji ya juya weji. Ina tsaye Dogo ya zagayo layi ya dawo, ya leƙo ta taga yana dariya.

"Yaya, ka ji? Shiru kamar an yi ruwa an ɗauke!"

Washegari da hantsi aka tsinci motar a ƙasan gada, daf da kwana, gawar Dogo a ciki. Babu alamar birki a kwalta. Mutane suka ce gyangyaɗi ya yi, dangi suka karɓa, Malam Ƙugi kuma ya bar su a haka. Ya je wurin tarkacen ya kwance wejin, ya jefa a aljihun rigar aiki. Tun daga ranar, ƙarar guduma ba ta dame shi ba, injina ma ba ya damunsa. Amma mota ta wuce sulu ba sauti, sai ka ga sifana ta tsaya a hannunsa, ya bi ta da ido har ta ɓace. Ya taɓa ce mini da rana tsaka yakan ji an leƙo ta taga ana tambayarsa ko ya ji. Tausayinsa nake ji, kuma wallahi haushinsa nake ji, don ni ma ya ɗora mini shirun.

Ya riƙe ɗan da Dogo ya bari, ya yi masa makaranta, ya yi masa aure. Ɗan ya zama direba, amma mai tsoron barci. Ba ya cin abinci in zai yi tafiya, yana tuƙi yana marin kansa, wai kada ya gaji ubansa.

Bana ɗan ya shigo da tasa motar, an ɗaga ta har sai an yi tsalle ake hawa. Yana shawo kwanar gareji na ga hannuwansa sun buɗe, sitiyari ya zame cikinsu. Sak yadda ubansa yake yi. Malam Ƙugi ma ya gani.

"Baba, ƙuginta ya ishe ni. An ce weji kawai za a juya."

"Bar ta."

"Haba Baba, kullum bar ta! In ba za ka yi ba, garejin bayan kasuwa za su yi mini yanzu."

Na kashe injin walda. Tsohon ya daɗe yana goge hannun da ba shi da datti, sannan ya zaro wejin nan, ya yi sumul don shafa, ya ɗora a kan bonet. Ya faɗi komai, bai rage ba, bai nemi uzuri ba. Ɗan ya tsura wa ƙarfen ido. Na zaci zai yi ihu, amma muryarsa ƙasa-ƙasa ta fito.

"Ashe Babana idonsa biyu?"

"Idonsa biyu, ɗana. Ya saki sitiyari ne, yana jiran ya dawo."

Ɗan ya ɗauki wejin, ya hau mota, ya fita ba sallama.

Wata huɗu ke nan bai taka garejin ba, bai je gidan ba. Sai dai ba a juya wa motar weji ba, wannan mun sani, don kullum da hantsi takan bi babban titi da gurnaninta. Malam Ƙugi ya san muryarta cikin dubu. Ko yana ƙarƙashin mota sai ya tsaya cak, ya saurara har ta wuce, ya ce alhamdulillahi, ya ci gaba da ɗaure noti.

Jiya ta rage gudu a bakin kwanarmu. Malam Ƙugi ya fito da rarrafe daga ƙarƙashin wata mota, baƙin mai har gwiwar hannu, ya tsaya a ƙofa. Ta wuce.

"Ka ji ta?" ya ce da ni.

"Na ji."

"To, ya isa," in ji shi. Amma bai koma ƙarƙashin motar ba sai da aka kira azahar.